Unguwar Da Ba Ta Bar Kufai Ba: Sharhi Kan Fim Ɗin The Pianist

Duk wanda ya je birnin Warso na ƙasar Poland a yau ya ce a nuna masa tsohuwar unguwar Yahudawa, za a kai shi wani yanki da ake kira Muranow, mai faffaɗan tituna da gidajen bene da itatuwa. Da ƙyar zai ga tsohon gini guda da zai nuna da yatsa. Abin da zai lura da shi, in mai lura ne, shi ne wasu gidajen suna zaune a kan tudu, sai an hau matakala kafin a isa ƙofarsu, alhali ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce. Waɗannan tuddai su ne unguwar. Bayan yaƙi ɓaraguzan sun yi yawan da ba za a iya kwashe su ba, sai mai zanen gine-gine Bohdan Lachert ya tsara a yi gini a kansu tun daga 1949, aka kuma niƙa wasu aka buga bulo da su. Mutanen Muranow na yau suna kwana a kan tituna da shaguna da ƙasusuwan waɗanda suka riga su zama a wurin.

A ƙasarmu idan gari ya tashi yakan bar kufai: tsohuwar rijiya, gindin kuka, kangon ganuwa, abin da dattijo zai nuna wa jikansa. Wannan unguwa ko kufai ba a bar mata ba. Saboda haka yawancin mutanen duniya ba su san ta ta hanyar gani da ido ba, a fim suka san ta, kuma fim ɗin da ya fi kowane yaɗa sunanta shi ne The Pianist na Roman Polanski, wanda ya fito a 2002. Ra'ayina a kansa kashi biyu ne. Ban san wani fim da ya kai shi nuna yadda ake kashe unguwa ba. Amma mai kallo zai tashi bai san wace irin unguwa aka kashe ba, kuma wannan giɓi babba ne.

Bari mu fara da abin da ke wurin kafin a shafe shi. Gab da yaƙin duniya na biyu Yahudawan Warso sun kai kimanin 375,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin. Babu birnin da ya kai shi yawan Yahudawa a Turai, a duniya ma New York ce kaɗai ta fi shi. Titin Nalewki shi ne cibiyar kasuwancinsu, kowace tsakar gida cike da teloli da dukawa da 'yan tireda da masu buga littattafai. Harshen titi shi ne Yidish, kuma da shi manyan jaridun kullum biyu, Haynt da Der Moment, suke fitowa. Isaac Bashevis Singer, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1978, a titin Krochmalna ya tashi. Ludwik Zamenhof, likitan idon da ya ƙirƙiro harshen Esperanto, a birnin ya yi aiki, a maƙabartar Yahudawa ta Okopowa aka binne shi. Akwai malamai masu tsananin riƙo da addini, akwai 'yan ƙwadago na jam'iyyar Bund masu cewa Poland ce ƙasarsu babu inda za su, akwai masu ra'ayin ƙaura zuwa Falasɗinu, kuma waɗannan ɓangarori ba sa ga maciji da juna. Gari ne sukutum, da musunsa da cinikinsa da barkwancinsa.

A ranar 16 ga Nuwamba 1940 'yan Nazi na Jamus suka rufe yankin da katanga mai tsayin mita 3, suka cusa mutum fiye da 400,000 a fili da bai wuce murabba'in kilomita 3.4 ba. Shi ne geto. Rabon abincin da suka tsayar wa Bayahude bai kai kalori 200 a rana ba. Yunwa da cutar taifus, wadda ƙwarƙwata ke yaɗawa, suka kashe fiye da mutum 80,000 kafin tsakiyar 1942. Daga 22 ga Yuli zuwa Satumba na wannan shekara aka loda kimanin mutum 265,000 a taragon dabbobi zuwa Treblinka, inda aka kashe su a ɗakunan iskar guba. Ranar 19 ga Afrilu 1943 waɗanda suka rage suka yi bore da 'yan ƙananan bindigogi da kwalaben fetur, suka yi kusan mako huɗu suna fafatawa, Jamusawa suka bi gida-gida suna cinna wuta. Ranar 16 ga Mayu kwamandansu Jürgen Stroop ya tayar da nakiyar da ta rushe babbar majami'a ta titin Tlomackie, wadda aka buɗe a 1878, sannan ya rubuta wa manyansa rahoto cewa unguwar Yahudawa ta ƙare a Warso. Bayan haka aka bi sauran bangayen aka baje su.

Fim ɗin ya bi sawun mutum ɗaya cikin wannan bala'i, wato Wladyslaw Szpilman, makaɗin fiyano na gidan rediyon Poland, bisa littafin tarihin rayuwarsa da ya fara fitowa a 1946. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, sannan ya ci kyautar Oscar uku a 2003: ta darakta, ta tsara labari da aka bai wa Ronald Harwood, da ta gwarzon ɗan wasa da Adrien Brody ya ɗauka yana da shekara 29. Polanski kansa ganau ne ba jiyau ba. Yana yaro ya tsere daga geton Krakow, mahaifiyarsa kuma a Auschwitz aka kashe ta.

Wannan ganin ido shi ne ƙarfin fim ɗin na farko. Wanda ya ga abu da idonsa ba ya buƙatar ƙara masa gishiri. Akwai wurin da sojoji suka shiga wani gida da dare, suka umarci iyali su miƙe tsaye, wani tsoho da ke kan keken guragu ya kasa, sai suka ɗauke shi da kekensa suka wurgo daga bene. Polanski bai matso da kyamara kusa ba, bai sa kiɗan tausayi a ƙarƙashi ba. Daga tagar gidan da ke tsallaken titi muke kallo, inda iyalin Szpilman suka kashe fitila suna leƙe, kamar yadda maƙwabci ke ganin masifar maƙwabcinsa ba shi da yadda zai yi. Haka kuma a filin da ake tara mutane kafin a loda su a jirgin ƙasa, uban gidan ya haɗa 'yan kuɗin da suka rage ya sayi alewa ƙwaya ɗaya a hannun wani yaro, ya fito da 'yar wuƙarsa ya yanka ta gida shida. Wannan shi ne cin abincinsu na ƙarshe tare, kuma babu wanda ya yi jawabi a kansa.

Ƙarfinsa na biyu shi ne sauti, kuma a nan ne mai aikin rediyo zai fi jin daɗinsa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma wannan fim da kunne ake fahimtar rabinsa. A ɗakin watsa shirye-shirye ya fara: Szpilman na kaɗa wani kiɗan dare na Chopin, bama-bamai na faɗowa, injiniya a bayan gilashi na yi masa alama da hannu ya tashi, shi kuwa ya ƙi. Kiɗan nan cikin ruwan bama-bamai ya faru da gaske a ranar 23 ga Satumba 1939, ranar da gidan rediyon ya yi shiru. Daga nan sai fim ɗin ya riƙa ƙwace masa sauti kaɗan-kaɗan. A wani gidan shan shayi na cikin geto, wani mai kuɗi ya sa aka tsayar da kiɗan domin ya buga tsabar zinariya a kan tebur ya ji ƙararta, ko ta gaskiya ce ko jabu. A wani ɗakin da aka ɓoye shi akwai fiyano, amma ko tari ba shi da ikon yi, sai ya zauna yana motsa yatsu a saman maɓallan ba tare da ya taɓa su ba. Da harsashin tankar yaƙi ya fasa ginin da yake ciki, kunnenmu ya toshe tare da nasa, sai wani siririn ƙara ya rage. Kusan duk kashi na biyu na fim ɗin babu hira. Mu da muke rayuwa da makirufo mun san babu abin da ke firgita mai gabatarwa kamar daƙiƙa biyar na shiru a iska. Polanski ya ɗauki wannan shirun ya mai da shi labari.

Na uku, fim ɗin bai mai da Szpilman jarumi ba. Bai yi yaƙi ba, bai ceci kowa ba, rabo ne ya kai shi. Wanda ya fizge shi daga layin jirgin Treblinka ɗan sandan Yahudawa ne mai yi wa Jamusawa aiki, irin waɗanda jama'a ke kira maciya amana. Cikin 'yan Poland akwai waɗanda suka ɓoye shi da ransu a hannu, akwai wanda ya tara kuɗi da sunansa ya cinye ya bar shi da yunwa, akwai matar da ta gan shi a matakala ta kwarma ihu a kama Bayahude. Babu ƙabilar da fim ɗin ya wanke gaba ɗaya.

To, ina giɓin yake? Na farko, labarin ya fara ne a ranar da bam ya faɗo. Rayuwar da ke birnin kafin nan, 'yan hotunan baƙi da fari na ɗan lokaci kaɗan aka ba ta a buɗewa. Iyalin Szpilman kuwa 'yan boko ne masu rufin asiri, masu magana da harshen Poland, masu fiyano a falo. Telan Nalewki da malamin makarantar addini da mai sayar da jarida, waɗanda su ne mafi yawan mutanen unguwar, ba mu gan su ba sai bayan sun zama mabarata da gawawwaki a bakin titi. Ba mu san sunan ko ɗayansu ba, ba mu taɓa ganinsu suna ciniki ko biki ko musu ba. Ana tausaya wa wanda ba a sani ba, amma makoki sai ga wanda aka sani. Mai kallo zai fita yana makokin makaɗi ɗaya da iyalinsa, sauran dubban kuma su zama masa taron jama'a kawai.

Na biyu shi ne harshe, kuma a ganina nan ne babban aibin. A cikin fim ɗin Jamusawa suna magana da Jamusanci, amma Yahudawa da 'yan Poland duk Turancin Ingilishi suke yi. Dalilin kasuwa ne, kowa ya sani. Sakamakonsa shi ne an bar wa masu kisa harshensu, an ƙwace wa waɗanda aka kashe nasu. Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa ya san labari na iya wucewa lafiya, amma muryar mutanen ta tafi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yidish yana cikin abubuwan da aka kashe a wannan yaƙi, domin mafi yawan waɗanda aka hallaka da shi suke magana, kuma bai sake farfaɗowa a Poland ba. Wannan zaɓi ya kuma ɓoye wata gaskiya mai ɗaci. A Warso ta 1943, lafazin bakin mutum na iya raba shi da ransa. Szpilman ya samu mafaka a wajen katanga ne saboda yana jin harshen Poland kamar kowa, kuma yana da abokai mawaƙa da 'yan wasa a can. Telan da Yidish ya kama harshensa, kalma biyu zai furta a gane shi, kuma ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan kowa na Turanci iri ɗaya, mai kallo ba zai taɓa gane dalilin da ya sa wannan ya tsira wancan ya mutu ba.

Na uku shi ne wurin da kowa ya fi tunawa, inda hafsan Jamus Wilm Hosenfeld ya tarar da Szpilman a wani kango yana ƙoƙarin buɗe gwangwanin kokwamba, ya tambaye shi sana'arsa, ya sa shi ya kaɗa fiyano. A littafin, ɗan gajeren kiɗan daren nan na Chopin ya kaɗa da sandararrun yatsu. A fim sai aka musanya shi da wani kiɗan Chopin mai tsawo da wahala, aka haska fuskarsa da haske daga taga, hafsan ya zauna jikinsa ya mutu. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma saƙon da ya bari shi ne gwaninta ce ta sayi ransa. To wanda bai iya kiɗa ba fa? Gaskiyar tarihi ta fi wannan daraja. Hosenfeld malamin makaranta ne kafin yaƙi, ya taimaki wasu mutane da dama, Yahudawa da 'yan Poland, waɗanda ba makaɗa ba ne, kuma rubuce-rubucensa sun nuna kunyar da yake ji kan abin da ƙasarsa ke yi. Ya mutu a hannun Tarayyar Sobiyet a matsayin fursunan yaƙi a 1952. A bugun littafin na 1946 ma masu tace rubutu sun mai da shi ɗan Ostiriya, domin lokacin ba a son jin labarin Bajamushe mai kirki. Fim ɗin ya maido masa ƙasarsa, amma ya rage masa dalilinsa.

Na huɗu ya shafi wurin kansa. Hoton da ya fi zama a zuciyar mai kallo shi ne na doguwar hanya da kangayen benaye hagu da dama, mutum ɗaya na tafiya a tsakiya. Wannan kamannin Warso ne bayan bore na biyu, wanda sojojin ɓoye na Poland suka yi daga 1 ga Agusta 1944, aka murƙushe shi bayan kwana 63, Jamusawa suka rushe mafi yawan birnin. Gidan da Hosenfeld ya samu Szpilman yana kan titin Niepodleglosci, nesa da geto. Ita unguwar Yahudawa ba ta samu ko darajar zama kango ba. Hotunan 1945 suna nuna filin ɓaraguzai iyakar ganin ido, da cocin Saint Augustine tsaye shi kaɗai a tsakiya. Shi ya sa masu shirya fim ɗin suka tsallaka kogin Vistula zuwa unguwar Praga, da ɗakunan shirya fim na Babelsberg a Jamus, domin neman titunan da za su yi kama da nata. Mai kallon da bai san tarihi ba zai haɗa bore biyun ya ɗauka abu ɗaya ne.

Za a iya kare Polanski da cewa labarin mutum ɗaya ya ɗauko, kuma ya riƙe amanarsa. Haka ne. Matsalar tana tasowa ne idan labarin mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne abin da duniya ta sani game da gari guda. Mutanen geton kansu sun hango wannan haɗari. Masanin tarihi Emanuel Ringelblum ya haɗa wata ƙungiyar sirri mai suna Oyneg Shabes, ta malamai da marubuta da 'yan jarida, suna haɗuwa ran Asabar. Suka riƙa tattara duk abin da hannu ya kai gare shi: katin rabon abinci, tikitin jirgin cikin gari, takardar naɗe alewa, sanarwar Jamusawa, insha'in 'yan makaranta, barkwancin da ake yi a titi, shaidar waɗanda suka tsero daga sansanonin kisa. Suka binne su cikin akwatunan ƙarfe goma da manyan garewanin madara a ƙarƙashin wata makaranta a titin Nowolipki. An kashe Ringelblum da iyalinsa a Maris 1944. Cikin mutum wajen 60 na ƙungiyar, uku ne suka tsira. An tono kashi na farko a Satumba 1946, bayan an sha wuya kafin a gane inda gidan yake domin titin kansa ya ɓace, na biyu kuma a Disamba 1950. Kashi na uku har yau ba a same shi ba. Abin da aka samu ya kai shafi kusan 35,000, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundin tarihin duniya a 1999.

A waɗannan takardu ne unguwar ke magana da bakinta, da Yidish da harshen Poland da Ibrananci. Akwai kuma darasi a ciki ga 'yan jarida. Ƙungiyar ta riƙa aika rahotannin kisan zuwa Landan ta hannun 'yan gwagwarmayar ɓoye na Poland, kuma a ranar 26 ga Yuni 1942 BBC ta watsa labarin. Jamusawa sun ƙwace akwatunan rediyo tun farkon mamaya, amma an saurara a ɓoye, Ringelblum ya rubuta murnarsa a littafinsa, yana zaton in duniya ta ji za ta yi wani abu. Ba a cika wata guda ba aka fara lodin Treblinka. Watsa labarin bai ceci kowa ba, amma da ba su rubuta sun binne ba, da rahoton Stroop da hotunan sojojinsa ne za su zama babbar shaidar da ta rage. An yi fim a kan wannan ƙungiya a 2018 mai suna Who Will Write Our History, bisa littafin Samuel Kassow, kuma ya dace a kalle shi tare da na Polanski.

Shi ma birnin ya yi nasa ƙoƙarin. A 1948 aka kafa gunkin tunawa da 'yan boren, aikin Nathan Rapoport, a tsakiyar ɓaraguzai. A gabansa ne shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a ranar 7 ga Disamba 1970. Daura da shi aka buɗe gidan tarihi na POLIN a 2013, wanda ya zaɓi ya ba da labarin shekara dubu na zaman Yahudawa a Poland, kisan ƙare dangin ya zama zaure ɗaya cikin takwas. Wannan zaɓi shi ne ainihin abin da fim ɗin ya rasa. Kowace 19 ga Afrilu ana busa jiniya a birnin, matasa na raba furanni rawaya na takarda, domin tunawa da Marek Edelman, ɗaya daga shugabannin boren, wanda ya riƙa ajiye irinsu a gindin gunkin kowace shekara har rasuwarsa a 2009. Inda babbar majami'a take, wani dogon bene mai shuɗin gilashi ne a tsaye yanzu. Daga titin Nalewki kuwa, ɗan guntun daɓen duwatsu da layin dogon jirgin cikin gari ne suka rage.

Na san akwai mai karatun da zai ce me ya haɗa mu da kukan Yahudawa alhali muna ganin halin da Falasɗinawa ke ciki. Tambaya ce da ta cancanci amsa. Marayu kusan 200 da likita Janusz Korczak ya raka zuwa jirgin Treblinka a Agusta 1942 sun mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila, ba su da hannu a komai. Edelman kansa bai taɓa ƙaura ba, a birnin Lodz ya zauna yana aikin likitan zuciya. Abin koyo a Warso shi ne matakan da aka bi: a ware mutane da suna, a kewaye su da katanga, a auna musu abinci, a kwashe su, a baje gidajensu, a gina wani abu a kai. Wanda ya san waɗannan matakai zai gane su duk inda ya gan su, ko wane ne mai aikatawa, ko wane ne ake yi wa.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya kalli The Pianist, ya kalle shi a wuri mai shiru da sauti mai kyau, domin ya cancanci kyaututtukan da ya ci. Amma idan ya ga Szpilman ya koma gidan rediyo a ƙarshe, ya zauna gaban fiyano, jama'a na tafi, kada ya ɗauka an rufe labari. Szpilman ya rayu har zuwa 2000, ya shugabanci sashen kiɗa na rediyon Poland shekaru da yawa. Mahaifinsa da mahaifiyarsa, da ɗan'uwansa Henryk, da 'yan'uwansa mata Regina da Halina, a Treblinka suka ƙare, babu kabari. Maƙwabtansu kuwa, sai a nemi labarinsu a gajerun labaran Singer na titin Krochmalna, da takardun da aka tono daga garewanin madara, waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihin Yahudawa ta Warso, a gini mai lamba 3/5 kan titin Tlomackie, dab da inda majami'ar take.